Tambaya da Amsa: Sabbin Labaran Tarihi da Marubutan Zamanin Biktoriya da Aka Manta

A wannan fitowa mun haɗa wasiƙu biyar da suka zo a kan batu guda, wato karanta ƙagaggun labaran tarihi da ake rubutawa a yau tare da littattafan marubutan Birtaniya na zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, musamman waɗanda sunayensu suka gushe daga bakin mutane. Mun taƙaita wasiƙun domin amsoshin su sami fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na karanta littafin *The Fraud* na Zadie Smith, wanda ya fito a 2023, kuma a cikinsa na gamu da wani marubuci mai suna William Harrison Ainsworth. Da farko na ɗauka marubuciyar ce ta ƙago shi, sai daga baya aka gaya mini cewa ya rayu da gaske, har ya taɓa yin gogayya da Charles Dickens a kasuwar littattafai. Shin akwai amfani mutum ya ba da lokacinsa ga irin waɗannan marubuta da duniya ta manta, ko kuwa mantuwar da aka yi da su ita ce hukuncin da ya dace da su? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da aka gaya miki gaskiya ne. An haifi Ainsworth a Manchester a 1805, ya rasu a 1882, kuma ya bar ƙagaggun labarai kusan 40. A 1839 mujallar *Bentley's Miscellany* ta fara buga labarinsa mai suna *Jack Sheppard* kashi-kashi, a daidai lokacin da *Oliver Twist* na Dickens yake dab da kammaluwa a cikin wannan mujalla, kuma mai zane guda ne, George Cruikshank, ya yi wa dukansu hotuna. Da aka haɗa shi ya zama littafi, ya fi na Dickens kasuwa na wani lokaci, gidajen wasan kwaikwayo na Landan kuma suka yi ta rige-rigen mayar da shi wasa. Tauraron labarin ɓarawo ne na gaske, wanda ya tsere daga kurkuku sau huɗu kafin a rataye shi a 1724. Kin ga ke nan shi ma Ainsworth labarin tarihi ya rubuta, ya waiwayi ƙarnin da ya gabace shi kamar yadda Smith ta waiwayi nasa. Mutuncinsa ya fara zubewa ne a 1840, sa'ad da wani hadimi mai suna Courvoisier ya kashe ubangidansa, Lord William Russell, jaridu kuma suka ruwaito cewa littafin ne ya cusa masa wannan tunani. Daga nan hukuma ta daina ba da izinin wasannin da ke ɗauke da sunan Jack Sheppard, manyan masu sharhi kuma suka juya wa marubucin baya.

Ba zan ce miki Ainsworth gwani ne da aka zalunta ba. Rubutunsa yana da nauyi, taurarinsa sukan yi magana kamar masu jawabi a gaban taro, kuma littattafansa na ƙarshen rayuwa ba su kai na farko ƙarfi ba. Amma tambayarki a kan amfani ce, kuma a nan amsata ita ce akwai amfani mai yawa, musamman ga wadda ta riga ta karanta littafin Smith.

Dalilina shi ne marubuciyar yau ta san yadda labarin ya ƙare. Smith ta gina littafinta a kan shari'ar Tichborne: Roger Tichborne, magajin wani babban gida mai dukiya, ya ɓace a teku a 1854, bayan shekaru kuma wani mahauci ya taso daga garin Wagga Wagga na Ostireliya ya ce shi ne, uwar Roger ta karɓe shi a matsayin ɗanta, sauran dangi suka ƙi. An yi shari'a biyu, ta biyun ta ci zaman kotu 188, kuma a 1874 aka ɗaure shi shekara 14 bisa laifin rantsuwar ƙarya. Smith ta san wannan duka, ta kuma san cewa daular Birtaniya za ta rushe, mata za su mallaki dukiyarsu, za su jefa ƙuri'a. Wannan sani ne ya ba ta damar haska fitila a inda mutanen wancan zamani suka bar duhu. Ta ɗauko Andrew Bogle, wanda aka haifa cikin bauta a Jamaika kuma ya tsaya a kotu ya ba da shaida cewa mahaucin shi ne Roger, ta ba shi babban kaso na littafin ya faɗi tarihinsa da na gonakin rake. A mafi yawan labaran zamanin Biktoriya, dukiyar ƙasashen da aka mallaka takan iso ne kawai a matsayin gado daga wani kawu da ya mutu a ƙetare, ba a tambayar gumin wa ya tara ta. Wannan gyara da marubutan yau suke yi babban aiki ne, kuma ina girmama shi.

Sai dai wannan sani yana da nasa haraji. Marubucin yau da wuya ya jure barin mai karatu shi kaɗai a tsakiyar mutanen da ba sa tunani irin nasa, don haka yakan saka wani tauraro mai ido irin namu, wanda yake ƙyamar abin da muke ƙyama, mai karatu ya tsaya kusa da shi hankali kwance yana ganin laifin sauran. Tsohon marubuci ba shi da wannan mafaka, domin bai san gobe ba. Abin da ya fi koyarwa a littafinsa shi ne abin da bai ga dalilin bayyanawa ba, saboda a wurinsa kowa ya yarda da shi. A nan ne kuma marubucin da aka manta yakan fi fitacce zama shaida mai kyau, domin gwana irin George Eliot, macen da take rubutu da sunan namiji, takan tsallake tunanin zamaninta, shi kuwa mai rubuta abin kasuwa yana auna abin da masu saye suke ƙishirwa ne ya ba su daidai. Idan kika karanta yadda Ainsworth ya sa mai karatu ya riƙa yi wa ɓarawo fatan nasara a kan bangon kurkukun Newgate, za ki fi fahimtar abin da ya sa talakawan Ingila suka yi ta tara kuɗi domin mahaucin Wagga Wagga bayan shekara 30. A ganina ƙishirwa ɗaya ce, ta ganin ɗan talaka ya kunyata masu doka da masu asali.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda marubucin da dubban mutane suka yi rububin littafinsa zai ɓace har a rasa mai ambatonsa, alhali tsaransa yana nan a manhajar makarantu. Wa yake yanke wannan hukunci, kuma da wane ma'auni? Daga wani ɗalibin jami'a.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abu na farko shi ne yawa. Manazarci John Sutherland ya ƙiyasta cewa an buga ƙagaggun labarai kimanin 60,000 a zamanin Biktoriya, kuma babu al'ummar da za ta iya riƙe wannan adadi a ka. Mantuwa dole ce. Abin tambaya shi ne me ya sa ta faɗa a kan wannan ta tsallake wancan, kuma amsar tana farawa ne daga yadda ake sayar da littafi.

A mafi yawan wannan zamani sabon labari yakan fito ne cikin juzu'i uku a kan sule 31 da sisi, kuɗin da ya zarce abin da yawancin leburori suke samu a mako. Saboda haka mutane ba sa saye, aro suke yi. Charles Edward Mudie ya fara ba da aron littattafai a Landan a 1842, kuma wanda ya biya fam 1 da sule 1 a shekara yana iya ɗaukar juzu'i ɗaya, ya mayar ya karɓi wani. Labari mai juzu'i uku yana iya kasancewa a gidaje uku a rana ɗaya, don haka wannan tsari ya yi wa Mudie daɗi. Da yake shi ne babban mai saye, kamfanonin buga littattafai sun koma kallon fuskarsa, kuma littafin da ya ga bai dace a karanta a tsakar iyali ba yakan ƙi ɗauka. Marubuta sun koyi darussa biyu daga wannan: su ja labari ya cika juzu'i uku ko da abin faɗar bai kai ba, su kuma kauce wa abin da zai ɓata wa Mudie rai. A 1894 laburarensa da na W. H. Smith suka sanar cewa ba za su ƙara biyan fiye da sule 4 a kan juzu'i ba, cikin 'yan shekaru kuma tsarin ya mutu. Masu karatu da suka taso bayan haka, waɗanda suka saba da gajeren littafi mai juzu'i ɗaya, sai suka ga tsofaffin a matsayin surutu marar ƙarewa.

Sai kuma masu sharhi da malaman jami'a. A 1948 F. R. Leavis ya fitar da *The Great Tradition*, inda ya ware Jane Austen da George Eliot da Henry James da Joseph Conrad a matsayin ginshiƙan ƙagaggen labarin Ingilishi, kuma irin wannan tankaɗe ya daɗe yana tasiri a kan abin da ake koyarwa. Abin da ba a koyarwa ba a sake buga shi, abin da ba a sake bugawa kuwa ba a karanta shi.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Margaret Oliphant, 'yar Sikotland, wadda ta rayu daga 1828 zuwa 1897. Mijinta ya rasu a Rum a 1859 ya bar ta da ƙananan yara da bashi, daga baya kuma nauyin iyalin ɗan'uwanta ya hau kanta. Da alƙalami ta ciyar da su duka, ta rubuta ƙagaggun labarai fiye da 90, ban da tarihi da sharhi da ta yi ta aika wa mujallar *Blackwood's* tsawon shekaru, kuma duk 'ya'yanta sun riga ta rasuwa. Wannan yawan rubutu ne aka mayar abin gori a kanta. A 1938 Virginia Woolf ta kawo ta a matsayin misalin macen da ta sayar da basirarta domin neman abin rufin asiri. Akwai gaskiya a cikin maganar, domin wasu littattafanta an rubuta su cikin gaggawa kuma hakan ya nuna, amma hukuncin ya haɗa mai kyau da marar kyau ya binne tare. Littafinta *Hester* na 1883 labarin wata mace ce, Catherine Vernon, da ta ceci bankin danginta daga durƙushewa da dukiyarta ta kanta, ta kuma shugabance shi, da wata yarinya 'yar dangin mai irin kaifin basirarta wadda take son aiki amma ba a ba ta kujera a bankin ba. Da marubucin yau ne, da wuya ya ƙi buɗe wa yarinyar ƙofa a babi na ƙarshe. Oliphant ta bar ƙofar a rufe, domin haka ta san ta a rayuwa, kuma wannan ya sa littafin ya fi ciwo, ya fi gaskiya.

Hukuncin dai ba dawwamamme ba ne. Littafin Elaine Showalter na 1977, *A Literature of Their Own*, da aikin kamfanin Virago na sake buga littattafan mata da aka daina bugawa, sun dawo da sunaye da dama cikin aji. Wannan bai nuna cewa duk wanda aka manta ya cancanci a tono shi ba, kuma mafi yawansu za su ci gaba da kwanciya inda suke.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son in gwada karatun biyu-biyu, tsohon littafi ɗaya da sabo ɗaya a kan jigo guda. Waɗanne zan haɗa, kuma da wanne zan fara? Daga wata mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Shawarata ita ce ki fara da tsohon. Idan kika fara da sabon, za ki shiga tsohon da hukunci a hannu, kina neman hujjar abin da aka riga aka gaya miki. Idan kuwa kika fara da tsohon, za ki ji inda ya yi shiru da kanki, sannan ki ga ko marubucin yau ya cike gurbin da abin da ya gamsar da ke. Ki yi mini afuwa, dole in taɓa ƙarshen wasu labaran kafin bayanin ya tsaya.

Haɗin da na fi so shi ne *Lady Audley's Secret* na Mary Elizabeth Braddon, wanda ya fito a 1862, da *Alias Grace* na Margaret Atwood na 1996. A littafin Braddon, wata matashiya ce mijinta ya tafi neman zinariya Ostireliya ya bar ta da jariri da 'yar gajeruwar wasiƙa, bai kuma sake aiko mata da labari ba, sai ta sauya suna, ta zama mai koyar da yara a gidan wani likita, ta auri wani dattijo mai dukiya. Da mijin farko ya dawo, ta tura shi rijiya. Kafin ki yanke mata hukunci, ya kamata ki san dokar lokacin. Dokar aure ta 1857 ta ba miji damar neman a raba aure a kotu idan matarsa ta ci amanarsa, amma mace sai ta tabbatar da cin amana tare da wani laifi na daban, kamar duka ko guje mata na shekara biyu. Gudun da miji ya yi ya bar ta shi kaɗai bai isa ya 'yanta ta ba, kuma kafin dokokin 1870 da 1882 abin da mace ta samu da guminta na mijinta ne a idon doka. Braddon ba ta tsaya bayyana wannan ba domin masu karatunta sun sani. Abin da ta yi ya fi wayo: ta kawo likita ya duba matar, ya ce ba mahaukaciya ba ce amma tana da haɗari, duk da haka aka kai ta gidan mahaukata a Beljiyam domin a tsare sunan gidan mijinta daga shiga kotu. A fili labarin ya hukunta ta, a ƙasa kuma ya nuna wa mai lura wanda hukuncin ya amfana.

Atwood kuwa ta ɗauko shari'a ta gaske. Grace Marks 'yar aiki ce haifaffiyar Ayalan, tana da shekara 16 aka same ta da hannu a kisan ubangidanta Thomas Kinnear a Kanada a 1843. An rataye abokin aikinta James McDermott, ita kuma aka mayar da hukuncinta ɗaurin rai da rai, ta yi wani lokaci a gidan mahaukata, sannan aka yafe mata a 1872. Atwood ta ƙago wani likita da yake zuwa yana sauraronta, ta ba Grace baki ta faɗi yadda ranar 'yar aiki take tun daga wanki har zuwa ɗinki, kuma ta ƙi bayyana ko ta yi kisan. Abin da Braddon ta ɓoye a ƙarƙashin labari mai tayar da hankali, Atwood ta shimfiɗa shi a fili. Amma ki lura da abu guda: Atwood ta yi nata ba tare da fargabar komai ba, Braddon kuwa ta yi nata ne masu sharhi suna zarginta da gurɓata tarbiyyar 'yan mata. Idan kina son na uku a wannan jigo, *East Lynne* na Ellen Wood na 1861 yana nuna ɗaya ɓangaren, inda matar da ta bar mijinta ta dawo cikin ɓad da kama tana koyar da 'ya'yanta ba su san ita ce ba.

Haɗi na biyu ya shafi imani da kimiyya. *Robert Elsmere* na Mrs Humphry Ward ya fito a 1888, kuma labarin wani limamin cocin Ingila ne da karatun tarihi ya sa ya daina yarda da mu'ujizozin da yake wa'azi a kansu, ya ajiye muƙaminsa, ya koma hidimar talakawa a gabashin Landan, matarsa mai tsananin ibada kuwa tana kallon hakan a matsayin halakar wanda take so. Littafin ya girgiza ƙasar har William Gladstone, wanda ya riga ya yi firayim minista sau uku a lokacin, ya rubuta dogon sharhi yana mayar da martani. Ki haɗa shi da *The Essex Serpent* na Sarah Perry na 2016, wanda aka kafa a 1893, inda wata bazawara mai sha'awar burbushin halittun da suka daskare a dutse take muhawara da limamin wani ƙauye a kan jita-jitar wani dodon ruwa. Littafin Perry yana da daɗin karatu, amma a cikinsa saɓanin imani da kimiyya hira ce tsakanin mutum biyu masu ganin girman juna. A wurin Ward abin ya kai ga zubar da hawaye a cikin ɗaki tsakanin miji da mata, kuma na fi yarda cewa haka mutanen lokacin suka ji shi. Wannan Ward ɗin, wadda ta yi aiki domin ilimin mata a Oxford, ita ce kuma ta jagoranci ƙungiyar mata masu adawa da ba mata ƙuri'a a 1908. Marubucin yau da wuya ya ƙago irin wannan mace, domin za a ce masa ba ta yi kama da gaske ba.

Tambaya: Malam, na buɗe wani tsohon labari na wancan zamani sai na tarar da kalaman raini ga baƙar fata da Indiyawa, na rufe shi. Me zai sa in ci gaba da karanta mutanen da suke kallon irina a matsayin ƙasƙantacce? Daga wani malamin tarihi.

Amsa: Malam, ɓacin ranka yana kan hanya, kuma babu wanda zai tilasta maka ka jure abin da zuciyarka ta ƙi. Ba zan kuma ba ka uzurin da aka saba bayarwa ba, wai haka kowa yake a lokacin, domin a lokacin ma akwai waɗanda suka ƙi wannan tunani suka yi magana. Amma tun da tarihi kake koyarwa, ina ganin waɗannan littattafai hujja ce da bai kamata ka bar ta a ƙasa ba, domin ba a gudanar da mulkin mallaka da bindiga kaɗai ba, sai da aka gamsar da mutanen gida cewa alheri ake yi, kuma ƙagaggen labari yana cikin kayan wannan aiki.

Ka duba *Confessions of a Thug* na Philip Meadows Taylor, Baturen da ya yi aiki a ƙarƙashin Nizam, wato sarkin Haidarabad a Indiya. Ya fito a 1839, a lokacin da William Sleeman yake jagorantar farautar ƙungiyoyin da Turawa suka ce suna shaƙe matafiya a hanyoyin Indiya, kuma masana tarihi na yau suna muhawara a kan yadda jami'an mulkin mallaka suka kumbura wannan barazana. A littafin wani kamamme mai suna Ameer Ali ne yake zayyana wa jami'in Bature kashe-kashen da ya yi, Baturen yana rubutawa. Abin da mai karatu a Landan zai ɗauka shi ne Indiya ƙasa ce da ke buƙatar a cece ta daga 'ya'yanta. Sannan ka ɗauki *Sea of Poppies* na Amitav Ghosh na 2008, wanda aka kafa a 1838, shekara ɗaya tak kafin fitowar na Taylor. A nan za ka ga manoman da aka tilasta wa noman tsiron ofiyom, wanda ake yin ƙwayar maye da shi, maimakon abinci, da masana'antar sarrafa shi ta Kamfanin Gabashin Indiya a Ghazipur, da tsohon jirgin bayi da aka mayar na kwasar leburorin yarjejeniya zuwa tsibirin Morishiyos bayan dokar 1833 ta haramta bauta a mafi yawan yankunan Birtaniya. A 1839 ɗin da littafin Taylor ya fito ne Birtaniya ta fara yaƙi da Sin saboda cinikin ofiyom. Ghosh ya nuna abin da aka aikata, Taylor kuma ya nuna abin da aka sa mutane suna kallo a lokacin da ake aikatawa, kuma ɗalibanka suna buƙatar ganin duka biyun. Kada dai ka gabatar musu da ko ɗaya a matsayin kundin tarihi, domin duka ƙagaggu ne, dole a auna su da takardun gaske.

Tambaya: Ingilishin waɗannan tsofaffin littattafai yana yi mini wuya, ga kuma tsawo. A ina zan same su, kuma yaya zan yi in kai ƙarshe? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yar'uwa, samunsu ba shi da wuya, domin haƙƙin mallakarsu ya ƙare tuni. Project Gutenberg da Internet Archive suna da da yawa daga cikinsu kyauta a intanet, LibriVox kuma yana da karatun murya na wasu, wanda masu sa-kai suka ɗauka. Idan kin sami hali, bugun Oxford World's Classics ko na Penguin ya fi, saboda bayanan da ke bayan littafin suna warware tsofaffin kalmomi da jimlolin Faransanci da marubutan suke son sakawa. Ki bar gabatarwar editan sai kin gama, domin yawanci takan tona ƙarshen labari.

Game da tsawo, da yawansu an rubuta su ne domin a karanta kashi-kashi a mujalla, mako-mako ko wata-wata, don haka babi biyu ko uku a zama ɗaya ya wadatar. Ki fara da Braddon, wadda labarinta yake gudu, ko *New Grub Street* na George Gissing na 1891, wanda Ingilishinsa ya fi kusa da na yau, kuma yana nuna wahalar marubucin da yake fafutikar cika juzu'i uku alhali kuɗin haya yana jiransa. Ki ajiye Ward sai kin saba.

Abin da zai fi sauƙaƙa miki shi ne ki riƙe lissafin kuɗinsu. Kwabo 12 ne sule 1, sule 20 kuma fam 1, kuma marubutan sukan faɗi abin da mutum yake samu a shekara domin mai karatu ya san matsayinsa nan take. Jane Eyre, a littafin Charlotte Brontë na 1847, fam 30 ake biyanta a shekara domin koyar da yarinya ɗaya a gidan mai dukiya. Da wannan ma'auni a hannunki, idan aka ce wane yana da fam 300 a shekara ko wance ta gaji fam 10,000, za ki gane dalilin da ya sa aka ƙulla wani aure aka fasa wani tun kafin marubucin ya yi bayani.